Furen Asali da Furen Baƙo a Kan Sarki

Na karanta wani rahoto a kan sabbin kan sarki da aka buga da hoton furannin tsibiran yankuna masu zafi, kuma abin da ya fi burge ni shi ne an zaɓi furannin asalin tsibiran, ba waɗanda aka shigo da su daga baya ba. Wannan bambanci yana da muhimmanci, domin furen frangipani da mutane da yawa suke ɗauka a matsayin alamar tsibiran tekun Fasifik asalinsa daga Meziko da tsakiyar nahiyar Amurka da yankin Karibiyan ne, sai dai ya daɗe a can har an manta cewa baƙo ne.

Furen asali kuwa sau da yawa yana rayuwa ne a ɗan ƙaramin wuri guda. Tagimoucia na ƙasar Fiji, mai launin ja da fari, an san shi da tsaunukan tsibirin Taveuni, haka nan Trochetia boutoniana, wanda ƙasar Moris (Mauritius), tsibiri a tekun Indiya, ta ayyana a matsayin furen ƙasa a 1992, yana fitowa ne a gangaren dutsen Le Morne Brabant. Moris ɗin ma, in ba a manta ba, ta fara buga kan sarkinta tun 1847.

A ganina, ya kamata hukumomin gidan waya su riƙa rubuta sunan da mazauna tsibirin suke kiran furen tare da sunansa na Latin, ko da rubutun zai yi ƙanƙanta.