Wa ya sayar muku da koramarmu?

Ranar Juma'ar da ta wuce na bar Tawa na je gida, na tarar da Inna zaune bakin randa tana tace ruwa da tsohon kallabinta. Sau uku ta tace. Abin da ya tsaya a kallabin jan laka ne, irin wanda ake yaɓen rumbu da shi, wanda ya sauka cikin randar kuma kamar an dama kokon jar dawa. Na ɗebo a moɗa na kai hanci, sai warin gazuwal ya buge ni. Na ce, "Inna, wannan kuke sha?" Ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "To mu sha mi? Mai kyau sai da kuɗi, amalanke ke kawo shi."

Ruwan nan daga rijiyar garkarmu yake, wadda kakana ya gina bakin korama tun ba a haife ni ba. Da ita muka sha, da ita aka shayar da albasar da ta biya mini kuɗin lakkol. Fari bai kashe ta ba. Masu faɗaɗa hanya ne suka zo suka gama da ita cikin rani ɗaya da damina ɗaya, kuma har yau babu wanda ya tako ya ce mana ko sannu.

Kada wani ya murɗa mini magana: muna son hanyar nan. Mu muka yi ta kuka a kanta. Tsohuwar ta yi ƙunci, kamyo biyu ba su iya gittawa sai ɗaya ya sauka gefe, kuma mun ga buhunan albasa warwatse a kan gudron fiye da sau nawa. Wanda ya taɓa rakiyar mace mai naƙuda zuwa likitar Tawa cikin dare a kan wancan ramuka ba zai ƙi gyara ba. Ranar da katafila ta farko ta iso, yara har rawa suka yi. Amma a wane littafi aka rubuta cewa in za a ba mutum hanya sai an karɓe masa ruwan sha?

Suna zuwa, duk faɗin dajin nan ba su ga wurin kafa sansani ba sai bakin korama, ƙarƙashin gawuna, don can ne inuwa take. Nan suke wanke motoci. Nan suke bidanj, wato canjin man mota, su kwance injin, baƙin mai ya tsiyaya kai tsaye cikin rairayi. Da idona na ga wurin: ƙasa ta yi baƙi ƙirin, ta daskare, faɗinta ya fi tabarma huɗu, ga tsoffin matatan mai an watsar, ga jarkoki. Daga nan zuwa rijiyarmu ko jifa ɗaya ba a yi ba. Duk wanda ya taɓa ganin ɗigon mai a kan ruwan bokiti ya san yadda yake bajewa ya rufe fuskar ruwan gaba ɗaya. To ina ga abin da manyan injuna suka zubar wata da watanni?

Sai rairayin. Wannan shi ya fi ƙona mini rai, don shi ne wanda baƙo ba ya ganewa, kuma ba ya tambaya. In ka zo ƙasar Adar cikin watan Afrilu ka dubi korama, busasshen kwari za ka gani, ka ce ai babu komai a nan. Ruwan yana nan, a ƙarƙashi yake. Damina tana mana gajeren zama, daga Yuni zuwa Satumba, kuma abin da ke sauka a Tawa bai cika wuce milimita 400 a shekara ba. In aka yi ruwa, korama ta taso da ƙarfi, cikin ƴan sa'o'i ta wuce. Abin da ya rage mana shi ne wanda rairayin gindinta ya tsotse ya ɓoye, rana ba ta kai gare shi, shi kuma yake tsatsafowa cikin rijiyoyin garake har ƙarshen rani. Rairayin nan shi ne randar gari. Su kuwa suka mai da shi wurin ɗibar yashin kankare kyauta. Tifa ta shiga, tifa ta fita, tun asuba har magariba, sai da suka ƙwaƙule shi har suka taɓo dutse. Igiyar gugarmu da ba ta wuce gaba uku ba, bana sai da Baba ya ƙara mata biyu, kuma guga na fitowa rabi laka.

Inda suka kwashe rairayi, sai suka cike da abin da ba su so. Duk jar ƙasar da suka kankare daga gefen tsohuwar hanya, da ɓaraguzan gudron, da kututturan itatuwan da suka tumɓuke, cikin korama suka juye su, don kai su nesa zai ci musu mai. Laka ba rairayi ba ce. In ta kwanta a gindin korama sai ta like kamar siminti, ruwa ya bi ta kanta ya wuce bai shiga ƙasa ba.

Don motoci su samu wurin bi kafin a gama gada, suka tare koramar da tudun ƙasa, suka saka ƴan bututu biyu a ƙarƙashi. Tsofaffin gari suka je suka gaya musu cewa wannan ba zai ɗauki ruwan ba. Baba da kansa ya nuna musu wani gawo, ya ɗora hannu daidai ƙirjinsa a jikin itacen, ya ce nan ruwa ke kaiwa in ta kawo. Suka yi dariya. Wani yaro mai hular kwano ya ce an yi lissafi. To, ruwan farko mai ƙarfi na watan Yuli ya zo ya duba lissafin nasu. Ya taru bayan tudun har ya shiga garake, sannan ya ɓalle shi cikin dare, ya kwashi jar ƙasar da baƙin man da komai ya shimfiɗa mana. Da gari ya waye rijiyoyi bakwai a jerenmu sun cike da taɓo har baki. Katangar garkar kawuna babu ita. Inda ruwan ya fito da ƙarfi daga bakin bututun ya yanka wani sabon kwazazzabo da ya cinye gefen gonar maƙwabcinmu, kuma kowane ruwa ƙara masa faɗi yake.

Tabkin da dabbobi ke sha kuwa, motocin sitan masu tankin ɗaukar ruwa ne suka yi ta zuƙe shi suna yayyafa wa hanya, har Fulani suka kaɗa shanunsu suka yi gaba tun kafin lokaci. Ramukan da suka haƙa don ɗibar jar ƙasa suna nan bayan gari baki buɗe, sun cika da ruwa, sauro ya samu gida, yara sun samu wurin iyo mai zurfin da ba su sani ba. Kullum gaban iyaye faɗuwa yake.

Na je sansanin nasu, ni da Baba da wakilin hakimi. Muka yi tsaye a rana wajen awa guda kafin shef ɗin shantiye ya fito daga ɗakinsa mai sanyi, da gorar ruwan roba a hannu. Baba ya gaishe shi da ladabi, ya ce, "Ranka ya daɗe, ruwanmu ya ɓaci, yara na zawo." Ya ce, "Baba, ku yi haƙuri, aikin gwamnati ne, ci gaba ne ya zo muku." Na ce masa, "Shef, ina takardar binciken muhalli ta wannan aiki? Me ta ce game da korama?" Sai ya dube ni sama da ƙasa, ya juya harshe zuwa Faransanci, wai wannan ba huruminsa ba ne, in je in tambayi masu sa ido. Na je wurin masu sa ido, suka ce patron, wato shugabansu, ya tafi Yamai. Na koma bayan mako biyu, patron yana Yamai. In ji dai ba can aka haife shi ya ƙi dawowa ba.

Na yi tambayar ne don na san akwai doka, kuma ba jiya aka yi ta ba. Tun 29 ga Disamba 1998 Nijar take da babbar dokar kula da muhalli, mai lamba 98-56. A 2010 aka kafa kundin dokar ruwa. A 14 ga Mayu 2018 aka ƙara da doka mai lamba 2018-28, wadda ta tsara yadda za a binciki illar babban aiki kafin a fara shi, har da hukumar BNEE da ke duba irin waɗannan takardu. Aiki irin wannan yana tafe da tsarin da ke faɗin inda za a zubar da ƙasa, inda za a ɗebi yashi da ruwa, yadda za a yi da tsohon mai, da yadda za a mai da ramuka in an gama. Ana kuma jin ta bakin mutanen wurin. Mu ma an tara mu kafin a fara, a gindin bedi ƙofar hakimi, aka raba lemo, aka ɗauki hoto, aka ce kowa ya sa hannu ko ya dangwala. Mun yi maganar korama a ranar, na ji da kunnena. Hoton dai na tabbata ya shiga rahoto. Maganar tamu ce ban san inda ta faɗi ba.

Abin haushin, babu wani abu mai wuya a cikin abin da ya kamata su yi. Su ja sansaninsu nesa da bakin ruwa. Su zuba ɗan dandamalin siminti inda ake bidanj, su tara tsohon mai cikin tanoni. Su haƙa rijiyar burtsatse tasu ta aiki, in sun tashi su bar wa gari, kowa ya yi musu addu'a. Su gama abin da za su yi cikin kwari tun da rani, su kwashe tudunsu kafin hadari ya haɗu. Su jera duwatsu cikin ragar ƙarfe a bakin magudana don ruwa ya rage gudu. Duka wannan nawa ne a cikin kuɗin hanya? Bai kai kuɗin motocin da manyansu ke hawa ba.

Kuma a Adar ne fa za a koya wa mutane aikin dutse da ruwa? Tun 1984 da aka fara aikin Keita, da taimakon Italiya da FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, iyayenmu mata suka ɗauki duwatsu a ka, ana biyan su da abinci, suka jera su a kan tuddai da cikin kwaruruka don ruwa ya tsaya ya shiga ƙasa. Da wannan wahala aka farfaɗo da fako da ko ciyawa ba ta fitowa. Gwaggona tana cikin waɗanda suka yi, har yau wuyanta bai daina ciwo ba. Kwarin Majiya da na Badagishiri da albasar Galmi da ake kai wa har Abijan da Akara, duk a kan ruwan ƙarƙashin kwari suke tsaye. Tabkin Tabalak tun 2005 yana cikin jerin wuraren ruwa da duniya ta yarda a kiyaye. Mutanen da suka tsayar da ruwa da hannu da kai, su ne yau wani zai zo da katafila ya ce musu an yi lissafi.

Ko don kansu ma ya kamata su ji tsoro. Daminar 2024 ba ta yi nisa ba: sama da mutum 300 suka rasu a ƙasar nan saboda ambaliya, ruwa ya yanke manyan hanyoyi har Yamai ta kusa zama tsibiri. Ruwan da ka toshe wa hanyarsa zai nemi wata, kuma sau da yawa ta kan gudron ɗinka zai bi. Gefen sabuwar hanyar tamu tun ba a buɗe ta ba ya fara zaizayewa daidai gadar. Ku je ku gani, ba sai an gaya muku ba.

A gidanmu, tun ranar da na tarar da Inna tana tace ruwan nan, jarka huɗu ake saye kullum daga mai amalanke, dala ashirin kowace. Inna na lallaɓa su don sha da tuwo, wanka da wanki kuwa da ruwan rijiyar nan mai wari. Ɗiyar ƙanwata ta kwana biyu a likita ana ƙara mata ruwa. Gidan da ba su da dala tamanin ta kullum, sai su tace da kallabi su yi bismilla.

Mun rubuta takarda, hakimi ya sa hannu, mun kai inda ya kamata. Abin da ke ciki ba shi da yawa. A kwashe ƙasar da aka juye cikin korama kafin injuna su bar garin, don in suka tafi sun tafi ke nan. A kankare wurin baƙin man a fitar da shi. A yashe rijiyoyin bakwai da kuɗin kamfani, a ɗebi ruwansu a auna, a karanta mana sakamakon da Hausa a bainar jama'a. A cike ramukan bayan gari. A ɗaure bakin kwazazzabon da dutse. Kuma kada a biya su kuɗin ƙarshe sai mutanen gari sun zagaya da masu karɓar aiki sun nuna musu da yatsa.

An ce mana sauran wata biyu su naɗe kayansu. Baba ya riga ya zuba irin albasa, ya fito kore shar a fangali uku, yana son ruwa safe da yamma, dashe kuma ya matso. Jiya ya kira ni a waya yana tambaya ko ya ci bashi ya haƙa sabuwar rijiya can nesa da korama, ko ya jira amsar takarda. Na ce masa ya ba ni zuwa Litinin, zan sake komawa in ga ko patron ya dawo daga Yamai.