Ambaliya: tambayar inda gudummawarka ta shiga ba rowa ba ce

Duk shekara idan damina ta yi nisa, kogin Logon da na Shari suka fara tumbatsa, wayoyinmu ma sai su cika da hotuna da bidiyo: gidajen ƙasa sun zube, mata na ɗauke da tabarmi da tukwane a ka, yara sun cunkushe cikin kwalekwale, a ƙasan hoton kuma ga lambar waya da roƙon a taimaka saboda Allah. Mutanenmu na Marwa da Garwa da Ngaundare, har da 'yan'uwan da ke neman abinci a Yawunde da Duwala, ba su san ƙyashi ba a irin wannan lokaci. Abin da ke damuna shi ne yawancinmu muna jin kunyar tambayar wanda ya karɓi kuɗin inda ya kai su, kamar tambayar za ta rage mana lada.

Bala'in kuwa na gaske ne. A shekarar 2024, alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna cewa ambaliya ta taɓa dukkan lardunan Cadi 23, ta shafi mutane kusan miliyan biyu, ta kashe fiye da 570, ta kuma lalata gonaki sama da hekta 400,000. A jihar Arewa Mai Nisa ta nan Kamaru ta shafi mutane sama da 350,000, musamman a Mayo-Danai da Logon-da-Shari, inda har gada ta rufta a Yagwa a watan Satumba. Shekara biyu kafin nan, a Oktoban 2022, sai da gwamnatin Cadi ta ayyana dokar ta-ɓaci, yayin da ruwa ya tashi unguwanni irin su Waliya a Injamena, ya kuma shiga gidajen mutane a Kusiri da ke tsallaken kogi. Inda buƙata ta kai haka, tausayi na motsawa da sauri, mazambaci kuma wannan saurin yake jira.

Na ga abin da idona. A wani dandalinmu na WhatsApp na 'yan unguwa, an turo bidiyon ruwa ya shanye wata kasuwa, aka ce a wani ƙauye ne kusa da Maga, aka haɗa da lambar da za a tura kuɗi. Kafin la'asar mutane da dama sun tura, ni ma na tura nawa. Sai bayan kwana biyu wani ɗalibi ya nuna mana cewa bidiyon na Maiduguri ne, na lokacin da madatsar Alau ta fashe, lambar kuma tuni aka kashe ta. Wani dattijo da nake girmamawa ya ce mini: “Malam, bar shi kawai, mu dai mun bayar don Allah, ladanmu na nan.” Ban musa masa ba, domin hadisi ya tabbata game da mutumin da ya sa sadakarsa a hannun ɓarawo bai sani ba, aka kuma karɓa masa. Sai dai maganar tasa ta tsaya a kan mai bayarwa kaɗai. Matar da ke kwana da 'ya'yanta a kan gaɓar madatsa, babu gidan sauro, babu ruwan sha mai tsabta, ladan da muka samu bai tsinana mata komai ba, kuɗin da za su isa gare ta ne suka tafi aljihun wani.

Addininmu bai ɗauki bincike a matsayin cin fuska ba. Manzon Allah (SAW) ya tura Ibnul Lutbiyya karɓar zakka, da ya dawo ya yi masa lissafi, da ya ce wannan naku ne wannan kuma kyauta aka ba ni, sai Manzo ya hau mumbari ya tsawatar a kan haka a bainar jama'a. Idan sahabi bai fi ƙarfin a yi masa lissafi ba, ban ga dalilin da zai sa shugaban wata ƙungiya ko mai shafin Facebook ya fusata don an ce ya nuna nawa aka tara, me aka saya, a wane ƙauye aka raba ba. A wurina, fushin da mutum ke yi idan an tambaye shi, shi kansa amsa ne.

Saboda haka ma'aunina na farko shi ne: wanda zan ba kuɗin nan, ana iya samunsa gobe? Kwamitin masallacin Juma'a da aka san limaminsa da ma'ajinsa, ƙungiyar 'yan asalin gari da ke da rajista da mazauni, reshen ƙungiyar agaji ta Kurwa Ruj (wato Red Cross) da ke da ofishi da 'yan sa-kai a garuruwanmu, duk waɗannan idan sun karkace akwai inda za a tarar da su, akwai kuma lawani ko bulama ko lamiɗo da za a kai ƙara gabansa. A Kamaru ma akwai doka tun 1983 da ta ce sai da izinin hukuma ake kiran jama'a su tara gudummawa, don haka neman a nuna maka takardar izini haƙƙinka ne. Mai turawa ta Orange Money ko MTN MoMo, ko Airtel Money da Moov Money a ɓangaren Cadi, ya tabbatar da sunan mai lambar kafin ya danna, ya kira wani da ya sani a garin da aka ambata ya ji gaskiyar lamarin, kada kuma ya ba kowa lambar sirrinsa ko da an ce daga kamfanin ake kira. Saƙon da ke cewa a tura yanzu-yanzu kafin dare, a yi masa kallon tuhuma, domin wanda ruwa ya ci gidansa zai ci gaba da buƙata gobe da jibi.

Akwai kuma gudummawar da ke isa lafiya amma ba ta amfani. Mutum ya tattara tsofaffin tufafin da shi kansa ya daina sawa, a loda su a mota daga Garwa zuwa Yagwa, kuɗin motar ya fi darajar kayan, alhali abin da ake nema a sansani shi ne gero da shinkafa, tamfol na rufin bukka, gidan sauro, sabulu da maganin tace ruwa, saboda bayan ambaliya zazzaɓin cizon sauro da kwalara ke biyowa. Sau da yawa kuɗi a hannun amintacce sun fi kaya, domin mai gida ya fi kowa sanin ko rufi ne ya fi damunsa ko magani, sayayyar kuma tana farfaɗo da 'yan kasuwar garin da su ma ruwan bai ƙyale su ba. Ina roƙon masu rabo su daina jera mata da yara a gaban kyamara kowa riƙe da buhu. Shaidar rabo rasiɗi ce da jerin sunaye da sa hannun dattawan gari, ba sai an tozarta magidancin da jiya shi ke ciyar da wasu ba.

Abu na ƙarshe da muke yawan mantawa shi ne lokaci. Gudummawa na kwarara ne a Satumba da Oktoba, sa'ad da hotuna ke yawo, sai ta ƙafe da zarar ruwa ya janye. Amma manomin da shinkafarsa ta nutse a fadamun Maga da Yagwa, da makiyayin da ya rasa shanunsa, yunwarsu tana tsananta ne daga Yuni zuwa Agustan shekara mai zuwa, lokacin da rumbu ya ƙare, sabon amfani bai nuna ba, farashin hatsi kuma ya hau. Da kwamitocin masallatai da ƙungiyoyin garuruwa za su ware wani kaso na abin da suka tara, su rubuta shi, su karanta wa jama'a bayan sallar Juma'a, sannan su ajiye shi don sayen iri da hatsi a farkon damina, da an rage yawan gidajen da ke sayar da akuyarsu ta ƙarshe don su ci abinci. Wannan shawarar na kai wa kwamitin masallacin unguwarmu, kuma na nemi a sa sunana cikin masu duba littafin lissafin.