Cotton Club fa, Malam?

Sannu da ƙoƙari, Malam. Ka yaba bunƙasar kiɗa da adabin baƙaƙen fata a Harlem, unguwar baƙaƙe a birnin New York na Amurka, a shekarun 1920, amma ka tsallake ɗacin labarin. A 1927 shahararren makaɗi Duke Ellington ya fara kiɗa a Cotton Club, wani gidan rawa a Harlem: makaɗa baƙaƙe, 'yan rawa baƙaƙe, masu kai abinci ma haka, kujerun kallo kuwa na Turawa ne. A unguwarsu fa! Ga mutanen da suka baro jihohin kudancin Amurka saboda wariya. Marubuta irin su Zora Neale Hurston ma da tallafin attajiran Turawa suka yi wani aikin, shi ya sa da tattalin arziki ya karye a 1929 aka ji jiki sosai. Don Allah ka taɓo wannan a rubutu na gaba.