Gwajin jini ya gano cutar mantuwa, to sai kuma me?

A watan Mayun 2025 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, wato FDA, ta amince da gwajin jini na farko da zai taimaka wajen gano cutar Alzheimer, wato wadda ta fi yawa cikin cututtukan mantuwa da ke kama tsofaffi. Kamfanin Fujirebio na Japan ne ya yi shi, abin da yake aunawa kuma wani furotin ne da ake kira p-tau217 tare da ɗan'uwansa amiloyid, masu taruwa a ƙwaƙwalwar mai cutar. Da can in likita na son tabbatarwa sai dai a soka allura a gadon baya a zuƙo ruwan laka, ko a saka mutum a na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa ta PET mai ɗan karen tsada wadda ba ko'ina ake samunta ba. Yanzu kuwa a hannu za a ɗebi jinin, shikenan.

Ban raina wannan ci gaban ba fa. A wani bincike da aka yi a Suwidin, aka wallafa a mujallar JAMA a 2024 kan mutum sama da 1,200 masu korafin mantuwa, irin wannan gwajin ya dace da kusan kashi 90 cikin ɗari, likitocin ƙananan asibitoci kashi 61, ƙwararru kuma 73. Duk wanda ya taɓa yawo da mahaifiyarsa daga wannan likita zuwa wancan, wani ya ce tsufa ne wani ya ce damuwa ce, ita kuma tana tambayarsa sau biyar ko an yi sallar azahar, ya san darajar a faɗa maka sunan abin da ke damunka.

Inda nake da ja shi ne yadda aka fara ɗaukar lambar da ke jikin takardar gwaji tamkar ita ce lafiyar. Ku tuna maganin Aduhelm na kamfanin Biogen. A 2021 aka amince da shi saboda yana share amiloyid daga ƙwaƙwalwa, hoto ya yi fes, amma gwaje-gwajensa manya guda biyu suka saɓa wa juna kan ko marasa lafiyan sun amfana, kwamitin masana ya ce a'a, hukuma ta ce e, har uku daga cikinsu suka ajiye aiki, daga ƙarshe a 2024 kamfanin da kansa ya daina sayar da shi. Leqembi da ya biyo baya ya fi shi hujja, gaskiya. A mutum 1,795 ya rage saurin taɓarɓarewa da kashi 27 cikin wata 18. Amma in ka leƙa ciki, bambancin bai kai rabin maki ba a ma'auni mai maki 18, ga ƙarin ruwa ta jijiya duk sati biyu, ga hoton MRI akai-akai don wajen mutum 13 cikin ɗari ƙwaƙwalwarsu na kumbura, ga dala 26,500 a shekara a farashin Amurka na 2023. Ko iyalin da ke jinya za su ga wannan rabin makin da idonsu? Likitocin kansu har yau suna musu a kai.

Shi ya sa nake tsoron ranar da mai lafiya garau zai je ya biya a yi masa gwajin don kawai ya sani. Amiloyid na fara taruwa shekara 15 zuwa 20 kafin a ga alama, kuma tsofaffi da yawa suna mutuwa da shi a ka hankalinsu ƙalau. Ciwon ƙoda ma na iya ɗaga p-tau a jini. FDA dai ta ce na masu shekara 55 zuwa sama ne waɗanda tuni alamu suka bayyana, kuma ba shi kaɗai za a dogara da shi ba, amma kun san halin kasuwa.

Abin da ya fi ba ni takaici, akwai awon da muka daɗe da shi, ba ya buƙatar allura ma, awon hawan jini. Kwamitin mujallar Lancet a 2024 ya lissafa abubuwa 14 da za a iya gyarawa, ya ce kusan kashi 45 na cutar mantuwa na da nasaba da su: hawan jini, suga, taba, ƙiba, raunin ji, raunin gani, kitsen jini, ƙarancin karatu, zaman kaɗaici da sauransu. Ƙiyasi ne dai, ba wai in ka kiyaye ka tsira ba kenan. To amma hawan jinin an gwada shi a aikace, a binciken SPRINT MIND na mutum sama da 9,000, waɗanda aka matsa wa lamba jininsu ya sauka ƙasa da 120 sun samu ragin kashi 19 na fara rikicewar tunani idan aka kwatanta da 'yan ƙasa da 140. Ga shi kuma sauke hawan jini dama an san yana rage shanyewar ɓarin jiki, a matsayin gyara.

Hukumar lafiya ta duniya ta ce mutum miliyan 57 ne ke da cutar mantuwa a 2021, sama da kashi 60 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi, inda mafi yawansu ba za su taɓa ganin Leqembi ba. Ni dai da ni ke rabon kuɗin bincike, duk wanda ya zo da sabon gwaji sai ya nuna min abin da ya canza wa mara lafiya bayan shekara biyu, ko yana iya sa rigarsa, ko yana gane jikokinsa, kafin in sa hannu.