Furen da ya mayar mini da mota mahauta

Aikin da aka tura ni bai yi kama da mai wuya ba: in samo wa ma'ajiyar busassun tsirrai samfuri biyu, Asarum wadda ake kira cittar daji, da 'yar danginta Aristolochia mai fure kamar lofe. Sharaɗi ɗaya ne, kowanne ya zo da furensa, don ganye kaɗai ba ya isa a tabbatar da jinsi.

Cittar dajin na same ta da wuri, ganyenta mai siffar zuciya ya shimfiɗu a inuwa. Fure ne ya gagara. Awa biyu ina leƙen saman ganye, ashe abin yana can gindi, a tsakanin sandunan ganye biyu, ya kwanta a ƙasa cikin ruɓaɓɓen ganye, launinsa ƙasa-ƙasa mai ja. Sai da na yi rub da ciki na yaye shara da yatsa na gan shi, tururuwa kuma suka gan ni. Na tono shi da guntun saiwarsa mai rarrafe, na karkaɗe ƙasa. Ƙamshin citta ya buge ni har na kai saiwar kusa da baki, sai na tuna cewa dangin nan suna ɗauke da gubar aristolokik mai lalata ƙoda da jawo sankara. Cittar daji ba ta haɗa dangi da cittar gaske ba, ƙamshin ne kawai na aro.

Wautar ta fara ne a kan Aristolochia. Na yanko reshe mai fure huɗu, maimakon in danne shi nan take, na cusa a leda na ƙulle, na ajiye a kujerar baya cikin rana. Shi kuwa furen nan tarko ne. Warinsa na janyo ƙananan ƙudaje, su zurma cikin bututun, gashin da ke fuskantar ciki ya hana su fita har sai garin furen ya zubo musu, gashin ya yi yaushi. Da na kwance ledar, fursunonin suka samu 'yanci a fuskata, warin kuma ya cika motar kamar na ɗauko mushe.

Na isa na shirya matsi yadda aka koya mini: kwali mai ramuka, takardar tsotse ruwa, jarida da tsiron a ciki, takardar tsotsewa, kwali, sannan a ɗaure da igiya biyu tamau. Na lanƙwasa reshen don kada ya wuce takardar da za a manna shi a kai idan ya bushe, wadda ba ta fi kusan santimita 29 da 42 ba, na juya ganye ɗaya ya nuna bayansa. Har nan lafiya. Abin da na tsallake biyu ne. Fure mai kauri da ruwa irin wannan ana tsaga ɗaya a tsaye da reza a buɗe shi, don cikinsa ya fito kuma ya bushe da sauri. Takardun da suka jiƙe kuma ana canja su kullum a kwanakin farko. Ni na bar su kwana huɗu.

Na dai yi dabarar sa fure ɗaya a kwalbar etanol (sinadarin barasa mai hana ruɓewa) mai ƙarfin kashi 70, na jefa takardar lamba a ciki. Da biro na rubuta. Kafin safe ruwan ya koma shuɗi, takardar ta yi fari fat. Fensir ake amfani da shi.

Ranar da muka kwance matsin, mai kula da ma'ajiyar ya gyara tabarau ya duba furannin, sun yi baƙi, fumfuna ta yi musu gemu. Ya buɗe littafina yana neman kwanan wata, wuri, lambar samfuri, launi da warin furen yana ɗanye. A gurbin wari na rubuta "Subhanallahi".

"Malam, wannan bayanin ya wadatar," in ji shi. "Amma fure muka ce ka kawo. Fumfuna sashenta yana hawa na biyu."