Wanda ya ce wa fasto "a ina aka rubuta?" bai bar bangaskiya ba

Ƴan'uwa masu bi na Damagaram, salama a gare ku, har da maƙwabtanmu Musulmi masu leƙo wannan shafi. Maganar tana da tsawo, wanda megarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye ta sai dare.

Ga yadda abin yake faruwa. Saurayi ɗan ikilisiya yana zaune a fada, a Zango ko Sabon Gari, ana jiran shayi na biyu, sai aboki ya miƙo masa salula: "Kalli wannan." Bidiyon muƙabala ne, mai magana yana jera wuraren da ya ce Littafi Mai Tsarki ya saɓa wa kansa. Yaro ya koma gida ya buɗe nasa littafin, ya tarar ayoyin suna nan yadda aka faɗa. Ran Lahadi ya tari fasto bayan sujada, amsar da zai samu ita ce Shaiɗan ne ke gwada shi, ya je ya yi azumi. Ba zai sake tambaya ba. Wata shida kuma sai a nemi kujerarsa a ga babu kowa, a ce duniya ta ja shi.

Ni a ganina laifin ba na bidiyon ba ne. Mu muka koya wa yaron cewa kowane harafi da kowace lamba a littafin da ke hannunsa haka suka sauko, in ɗaya ta goce to duka sun rushe. Wanda aka gina wa bangaskiya a kan wannan, lamba ɗaya ta isa ta kayar da shi.

Ga lambar kuwa. Buɗe 2 Sarakuna 8:26, za ka ga Ahaziya yana da shekara 22 ya hau sarautar Yahuza. Buɗe 2 Tarihi 22:2. A rubutun Ibrananci shekara 42 aka sa, haka yake a fassarar Faransanci ta Louis Segond ta 1910 da yawancinmu muka tashi da ita, haka kuma a King James ta Turanci. Yanzu koma baya kaɗan zuwa 2 Tarihi 21:20: ubansa Yehoram ya hau yana da 32, ya yi shekara 8 yana mulki, ya mutu. Wato ya mutu yana da 40. In an riƙe 42, ɗa ya girmi ubansa da shekara biyu, kuma wai shi ne autan gidan. Babu wata dabarar wa'azi da za ta gyara wannan lissafi. Mai kwafa ne ya yi kuskure, 22 ita ce daidai, shi ya sa wasu sababbin fassarori suka gyara suka sa bayani a ƙasan shafi. Irinsa ne na Yekoniya, wani sarkin Yahuza, lokacin da ya hau sarauta: shekara 18 a 2 Sarakuna 24:8, shekara 8 a 2 Tarihi 36:9.

Dalili a fili yake. Sai wajen 1455 aka fara buga Littafi Mai Tsarki da inji a Jamus. Kafin nan da hannu ake kwafa, ƙarni bayan ƙarni, kuma kurakuran masu kwafa sanannu ne. Layi biyu su ƙare da kalma iri ɗaya, ido ya tsallake na tsakiya. Wani ya rubuta bayani a gefen shafi, na bayansa ya ɗauka an manta ne ya shigar da shi ciki. Wani ya haddace Matiyu, yana kwafar Markus sai hannunsa ya bi abin da ya haddace. Duk wanda ya taɓa kwafar darasi daga kayen aboki a lakwal ya san yadda ake yi. Abin da ya cece mu shi ne yawan kwafe-kwafen: na Sabon Alkawari da Helenanci kaɗai sun haura 5,000, daga ƙasashe daban-daban. Mai kwafa a Masar da mai kwafa a Suriya ba sa yin kuskure ɗaya a wuri ɗaya, don haka in aka jera su ana gane inda aka goce. Galibin bambancin na rubutun harafi ne da jerin kalmomi, ba ya taɓa ma'ana.

Amma akwai manya guda uku da ya kamata kowane mai baftisma ya ji su daga bakin fastonsa kafin ya ji su a fada. Markus 16:9-20 babu shi a cikakkun kwafi biyu mafi tsufa, na Sina'i da na Batikan, duka na ƙarni na 4. A cikinsu littafin ya tsaya a aya ta 8, mata sun gudu daga kabari suna tsoro. Tun a wancan zamani Yusibiyus da Jerom, manyan malaman ikilisiya, sun rubuta cewa yawancin kwafin Helenanci da suka sani ba su da wannan ƙarshe. A cikin ƙarin ne maganar ɗaukar maciji da shan dafi take, kuma a Amurka akwai ƙananan majami'u da suka mai da ita ibada, mutane sun mutu da sarar maciji. Na biyu, labarin matar da aka kama da zina, Yahaya 7:53 zuwa 8:11. Tsofaffin kwafi ba su da shi, wasu na baya kuma sun sa shi a Luka, bayan 21:38. Labari ne mai daɗi, masana da yawa na ganin tsohon labari ne da ya yi yawo a baki, amma ba a wurin nan aka fara rubuta shi ba. Na uku, 1 Yahaya 5:7, jimlar da ke cewa uku ne masu shaida a sama, Uba da Kalma da Ruhu. Erasmus, masanin da ya tsara Sabon Alkawari na Helenanci aka buga da inji, bai sa ta a bugunsa na 1516 ba don bai same ta a kwafin da ke gabansa ba. Aka yi masa ca, ya sa ta a bugu na uku a 1522, daga nan ta shiga King James. Segond ba ta da ita. Mai son kare koyarwar Triniti ya nemi hujja a wasu wurare, kada ya je muƙabala da wannan aya.

Abin da fastoci da yawa ba sa faɗa shi ne, ko masu tsananin riƙo da cewa Littafi ba shi da kuskure ba su ce kwafin hannunmu suke nufi ba. A 1978 shugabannin masu bishara sama da 200 suka taru a Shikago suka sa hannu a wata sanarwa kan wannan batu, suka rubuta ƙarara cewa hurarren rubutu shi ne na asali, wanda ya fito daga hannun marubucin. Wannan na asali kuwa babu ko ɗaya da ya rage a duniya. Katolika kuma, a majalisar Batikan ta biyu a 1965, cewa suka yi Littafi yana koyar da gaskiyar da Allah ya so a rubuta domin cetonmu ba tare da kuskure ba. Ko yawan littattafan ma ba ɗaya ba ne: 66 a wajen masu bishara, 73 a wajen Katolika. To in manyan da suka rubuta koyarwar sun yi wannan taka-tsantsan, don me za a ɗora wa yaro abin da su ba su ɗauka ba?

Ba kowane saɓani ne za a jingina wa mai kwafa ba, nan ma a faɗi gaskiya. Matiyu 27 ya ce Yahuza Iskariyoti ya mayar da kuɗin da aka ba shi don ya ba da Yesu, ya rataye kansa, firistoci suka sayi fili. Ayyukan Manzanni 1:18 ya ce shi ya sayi filin, ya faɗi cikinsa ya fashe. Amsar da aka saba ita ce igiya ta tsinke ya faɗo. Mai yiwuwa ne, sai dai babu igiyar da ta tsinke a cikin nassi, hasashe ne, a kira shi hasashe. Markus 2:26 ya ambaci Abiyata a matsayin babban firist a labarin Dawuda da gurasar keɓe, 1 Sama'ila 21 kuwa Ahimelek ne firist ɗin. Luka da kansa, a ayoyi huɗu na farkon littafinsa, ya ce mutane da yawa sun riga shi rubutawa, shi kuma ya bi diddigi wajen shaidu. Marubucin da ya gaya maka bincike ya yi, ba zai ji haushi don ka yi bincike ba.

Maƙwabta, ɗan tsokaci gare ku. Duk abin da na jera, malaman Kirista ne suka tono shi suka buga a ƙasan shafukan littafinsu, ba sirri ne da wani mai bidiyo ya bankaɗo ba. Kuma tonon ya nuna ɗaya gefen: naɗaɗɗen littafin Ishaya da aka samu a kogunan Kumran, kusa da Tekun Gishiri, a 1947 ya girmi kwafin Ibrananci da ake dogara da su da kusan shekara 1,000, aka gwada, saƙon bai canja ba. Ku kuma kuna da ilimin isnadi, kuna raba sahihi da mai rauni da ƙagagge, ana kuma jingina wa Imamu Malik cewa kowa ana ɗaukar maganarsa ana bari, ban da Manzo. Amma sautin WhatsApp mai cewa "an ruwaito" ba tare da littafi ko babi ba yana yawo a wayoyinku kamar yadda "Ubangiji ya gaya mini" ke yawo a namu.

Wannan "Ubangiji ya gaya mini" ita ce ta fi damuna, fiye da shekarun Ahaziya. Domin a aikace, in an ce Littafi ba ya kuskure, abin da ake nufi sau da yawa shi ne mai riƙe da makirfo ba ya kuskure. Ka ɗaga murya a jefo maka Zabura 105:15, kada a taɓa shafaffu. Karanta daga aya ta 8 zuwa ta 15: Ibrahim da Ishaku da Yakubu ake magana, suna ƴan kaɗan suna yawo cikin baƙin ƙasashe, Allah yana gargaɗin sarakuna kada su cuce su. Babu inda ta hana mai bi ya tambayi inda kuɗin baiko ya shiga. Malakai 3:10 kuma maganar kawo zakka ɗakin ajiyar Haikali ce domin a sami abinci, Maimaitawar Shari'a 14:28-29 ta faɗi masu ci: Balawe, baƙo, maraya, gwauruwa. Wanda ya karanta wa gwauruwa mai sayar da ƙosai wannan aya don ta kawo jaka biyar ko la'ana ta bi ta, ya juya nassin kai ƙasa.

Hanyar dubawa ba ta da wuya. In an kafa maka hujja da aya, rubuta littafi da sura da lamba nan take, don mai ruɗu ba ya son a rubuta. A gida karanta surar gaba ɗaya, da ƙarshen wadda ta gabace ta. Ka tuna lambobin nan ba na marubuta ba ne: surori a ƙarni na 13 aka yanka su, ayoyin Sabon Alkawari kuma wani mai buga littattafai na Faransa ya sa musu lamba a 1551, wani lokaci yankan ya faɗa tsakiyar magana. Sai ka tambayi wa ke magana, da wa, a kan me. Abokan Ayuba sun yi surori suna zuba, a sura ta 42 Allah ya ce ba su faɗi gaskiya a kansa ba, amma har yau ana wa'azi da kalamansu. Bayan haka gwada fassara biyu ko uku, Hausa da Faransanci, wadda take da bayani a ƙasan shafi ta fi. Akwai su kyauta a manhajojin waya. In koyarwa ta tsaya a kan aya ɗaya tak, ko a kan wurin da aka sa wa baka biyu don nuna babu shi a wasu tsofaffin kwafi, kada ka sayar da akuyarka saboda ita.

A kula da ramin da ke ɗaya gefen. Wanda ya daina yarda da fasto ya koma haɗiye duk abin da wani ya faɗa a YouTube, ubangida kawai ya canja. Tambayar da ka yi wa fasto ita za ka yi wa mai bidiyo: wane kwafi, wane ƙarni, me masu ɗaya ra'ayin suka amsa?

Na san abin da ya sa tambaya ke da nauyi a garin nan. Mu kaɗan ne, kuma wanda ya ga majami'u suna ci da wuta a watan Janairu na 2015 ya koyi rufe baki da haɗa kai. Tambaya sai ta yi kama da ba wa na waje makami. Don haka a yi ta da ladabi: ka sami baba fasto shi kaɗai, ba a tsakiyar sujada ba, ba a Facebook ba, littafi a buɗe, ka ce "Baba, ban gane nan ba, a taimake ni." In maganar ta kuɗi ce ko ta hali, Matiyu 18 da 1 Timoti 5:19 sun ba da tsari: kai da shi, sannan da shaidu biyu ko uku, sannan dattawan ikilisiya. Mutanen Biriya an yabe su a Ayyukan Manzanni 17:11 don suna duba Littattafai kullum su ga ko abin da Bulus ya faɗa haka yake, Bulus ɗin kuma ya tsaya wa Bitrus ido da ido a Antakiya.

Ku kuma iyayenmu fastoci, "ban sani ba, bari in duba, mu haɗu ran Laraba" amsa ce mai mutunci. Ku sa waɗannan wurare uku da lissafin Ahaziya cikin darasin masu shirin baftisma, awa ɗaya ta isa.

Wuri ɗaya ne ban ga amfanin jiran taron dattawa ba. Duk wanda ya ce ka ajiye maganin hawan jini, ko na suga, ko na tarin fuka don an yi maka addu'a, ko ya hana mai naƙuda zuwa asibiti, kada ka tsaya neman aya. Maganin tarin fuka wata shida ake sha. In an yanke a tsakiya ciwon yana dawowa, sau da yawa da taurin da maganin farko ba ya jin sa, ya kuma kama ƴan gida. A karɓi addu'ar, a ci gaba da shan maganin, likita ne zai ce a daina.