Tsohon da Na Ɗauko a Filin Jirgi

Makon kasuwar kayan ɗaki ta High Point ne, wani gari a jihar North Carolina ta Amurka, kasuwar da take ci sau biyu a shekara, Afrilu da Oktoba. Duk mai haya da mota a Greensboro, garinmu da ke maƙwabtaka da High Point, ya san kakarmu ke nan. Da masaƙa da taba ne suke riƙe da garin, amma tun da aka rufe masaƙar jins ta White Oak a 2017, wanda bai samu shiga kamfanin aika kaya na FedEx ko wajen masu ƙera jirgin sama na Honda ba sai ya rungumi sitiyari kamar ni.

Na ɗauko wani tsohon Bature a filin jirgi, 'yar jaka ɗaya, takalmi duk ya ci duniya. Sai ga kiran mutuminku mai shagon garin tuwo, na sa a lasifika.

Ni fa mutum ne mai kiyaye bakinsa. Garin nan bai cika mutum dubu 300 ba a ƙidayar 2020, wajen huɗu cikin goma baƙaƙe ne, ga 'yan Nijar birjik, don haka ko wane baƙi na ɗauka sai in ce a raina ƙila ɗan Maraɗi ne, in yi gum. Amma Bature? Sai na saki baki. Na ce wannan daga ganin takalminsa ko na goro ba zai bayar ba. Na ce hancinsa zai riga mu isa High Point. Na koma kan jakar, na ce wanda ya zo sayen gado da kujeru amma ko akwati ya gagare shi. Mutuminku yana ta ƙyaƙyata yana cewa ƙara, ƙara.

Muna zuwa Jamestown sai na ji daga baya, a hankali: "Malam, danja ta tsayar."

Na taka birki. Na duba madubi. Ya ce, "Ina gajiya? Ina iyali?" Da Hausar Maraɗi tsantsa, har da jan gaisuwa. Wai shekara biyu ya yi a wani ƙauye can, yana aikin sa kai na Peace Corps, tun ban fara tafiya ba. Bakina ya ce "lafiya lau" ba tare da izinina ba. Kunnuwana suka ɗau zafi. Danja ta ba da hannu, na baya suna ta oda, ƙafata ta manta aikinta.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne mutuminku. Maimakon ya kashe waya, sai ya ce, "Baba, ina wuni, ni dai ban ce komai ba." Mutumin da tun ragon layyar bara nake bin sa dala 40! Kafin Juma'a har limami ya ji, da ƙarin gishiri wai na yi kuka.

Tsohon dai da zai sauka ya miƙo dala biyar ya ce ga na goro. Na karɓa mana, fetur ya yi tsada.